Hutun kwana biyu a tsibiran Legas: yadda za ka kai iyalinka Tarkwa Bay da Gberefu

Akwai 'yan'uwanmu da yawa a Agege, Idi-Araba, Mile 12, Ijora da Obalende da suka shekara goma, wasu ashirin, a Ikko, amma abin da suka sani na ruwa bai wuce wanda suke hangowa ta tagar danfo in ana haye gada ba. Daga gida sai kasuwa, daga kasuwa sai masallaci, in Sallah ta zo a kama hanyar Arewa. Yaran da aka haifa a nan ma haka suke tashi, teku na bayan gidansu amma ba su taɓa taka yashinta ba. Abin yana damuna, domin garin nan da muke shan wahalar cunkosonsa da tsadar hayarsa yana da wuraren da baƙi ke tasowa daga wasu ƙasashe don su gani, kuma ba su fi ƙarfin mai matsakaicin samu ba in ya yi tsari.

Tsibirai biyu nake so ka kai iyalinka. Na farko Tarkwa Bay, da ke bakin mashigar tashar jiragen ruwa ta Legas, wurin wasa da shan iska. Na biyu Gberefu, da ke tsallaken Badagry, wurin tafiya a ƙafa da sanin tarihin da ya shafe mu kai tsaye. Dukansu biyun da jirgin ruwa za ku shige su. Kwana biyu sun isa, kuma ba dole ne su zo a jere ba.

Zaɓen lokaci

Daga Nuwamba zuwa Maris ne lokacin da ya fi. Ruwan sama ya ɗauke, sararin sama a buɗe, teku kuma ta fi kwanciya. Daminar Legas tana ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuli, Yuni ne tsakiyarta, sai ta ɗan tsagaita a Agusta, ta dawo a Satumba da Oktoba. Wanda bai taɓa hawa ƙaramin jirgi ba kada ya fara a Yuni ko Yuli, balle da yara. A ƙarshen damina kuma kainuwa kan toshe wasu hanyoyin ruwa, tana naɗe farfelar inji, tafiya ta yi nawa.

Zaɓen rana ya fi zaɓen wata muhimmanci ga mai iyali. Ranar Lahadi da yamma, da ranakun hutun Kirsimeti da sabuwar shekara, da washegarin Sallah, Tarkwa Bay kan cika maƙil: kiɗa mai ƙara, shaye-shaye, da shigar da ba za ka so ka zauna kusa da ita da matarka da 'ya'yanka ba. Ka je ranar Talata ko Laraba da safe, sai ka ce ba wurin ba ne. In kasuwa ba za ta bar ka ba sai ƙarshen mako, ɗauki Asabar, ku isa kafin ƙarfe goma, ku fito kafin la'asar. Masu hayaniyar ba sa sammako.

Abin da za a ɗauka

Kuɗi a hannu, ƙananan takardu. Akwai masu POS kuma sabis na waya yana kaiwa, amma kada ka dogara da su a tsibiri. Farashin jirgi yana bin farashin fetur, saboda haka kira ko ka aika wani ya tambayo a makon da za ku tafi. Ka yi lissafin abu biyar: kuɗin mota zuwa bakin ruwa, kuɗin jirgi zuwa da dawowa, kuɗin shiga, hayar rumfa da kujeru, sai abinci. A kan jimlar ka ƙara wani abu na ko-ta-kwana.

Tabarma ko babbar darduma, buta, ruwan sha fiye da yadda kake zaton za ku sha, domin iskar teku tana ɓoye ƙishirwa har sai kai ya fara sarawa. Kayan canji ga kowa, har da manya da suka rantse ba za su taɓa ruwa ba. Ledar da ke rufuwa don waya da kuɗi, saboda ruwan gishiri in ya shiga waya ta tafi ke nan. Silifas, hula ko malafa, tawul, da babbar ledar zuba shara. Abinci kuwa a zaɓi wanda zafi ba ya lalatawa da wuri: kilishi, dambun nama, gurasa, dabino, soyayyar doya, cincin. Fura da nono da zoɓo sai a kula mai ƙanƙara. Wasu masu rumfa suna karɓar wani abu in ka zo da abincinka, ka tambaya kafin ka sauke kaya.

Ga mata, hijabi mai nauyi wanda iska ba ta ɗagawa, da dogon wando a ciki, domin hawa da sauka daga jirgi yana buƙatar taku mai faɗi. Maza a bar babbar riga a gida. Mai jin jiri a mota ya ci abu kaɗan da safe, ya riƙe citta ko lemun tsami. Kuma kowane baligi ya ɗauki katin shaidarsa, musamman ranar Badagry. Zan faɗi dalili in mun kai can.

Daga gida zuwa bakin ruwa

Ana samun jirgin Tarkwa Bay a wurare da dama. Akwai tashar CMS a Marina, akwai tashar Five Cowries da ke Falomo a Ikoyi, inda hukumar kula da hanyoyin ruwa ta jihar, LASWA, take da ofishinta, akwai kuma tashoshin 'yan kasuwa a Victoria Island. Ga mai zuwa karon farko da mata da yara, na fi son Falomo ko ɗaya daga cikin tashoshin Victoria Island, don sun fi tsari, wurin hawa ya fi kyau, ko da kuɗin ya ɗan ɗara. CMS ta fi arha kuma ta fi sauƙin isa.

Mutumin Mile 12 da Ketu ya hau doguwar bas ta BRT kai tsaye zuwa CMS. Na Mile 2 da kewaye ya hau jirgin ƙasa na Blue Line, wanda ya fara ɗaukar fasinja a Satumbar 2023, ya sauka a Marina, tashar ruwa na nan kusa. Na Agege yana da Red Line, da ta fara aiki a Oktobar 2024, ta sauke shi a Oyingbo, daga nan ɗan taƙi ne a mota zuwa CMS. Duka ukun da katin Cowry, katin biyan kuɗin sufuri na jihar, ake biya, a zuba masa kuɗi tun jajibere, a kuma duba jadawalin jirgin ƙasan na ranar. Na Obalende kuwa ba shi da uzuri, Falomo na maƙwabtaka da shi. Kada ka sa acaɓa a lissafinka, an hana shi a waɗannan yankuna tun 2022.

Kafin ka sa ƙafa a jirgi

Nan ne ba na yarda a yi sassauci. Kowa sai da rigar kariya daga nutsewa, kuma a ɗaure ta, ba a rataya ta a wuya ba. Doka ce ta LASWA, amma ko babu doka ranka ne. Duba igiyoyinta da maɓallanta, in ta yage ko ta tsufa ka ce a canza. Yaro a nema masa daidai jikinsa, domin ta manya tana zamewa ta kansa da zarar ya faɗa ruwa. In babu ta yara, ka nemi wani jirgin. Uwa kada ta goya jariri a baya a cikin jirgi, ta riƙe shi a gaba. Ni da za a bi tawa, jaririn da bai fara tafiya ba a bar shi wurin kaka ko maƙwabciya.

Ka dubi jirgin kansa. In ka ga an cika shi har bakinsa ya kusa shafar ruwa, ka jira na gaba, ko da matuƙin ya ce shi ne na ƙarshe. Ku gama magana a kan kuɗi tun kuna tudu: na zuwa kawai ne ko har da dawowa, kuma ƙarfe nawa zai zo ɗaukarku. Karɓi lambarsa. In an ba ka tikiti ka adana shi a ledar waya. Tafiyar dare a ƙananan jirage haramtacciya ce a jihar, kuma haɗurra masu yawa da aka yi a ruwan Legas da duhu suka faru. Ka sa a ranka ƙarfe biyar ta same ku a kan tudu.

Tafiyar ba ta da nisa, kamar minti goma sha biyar zuwa ashirin. Tsofaffi da masu ciwon baya su zauna ta baya, gaban jirgi ya fi dukan ruwa. In babban jirgin kaya ya wuce, igiyar da yake tayarwa za ta ɗaga naku ta sauke, matuƙi zai rage gudu ya fuskance ta. Ka gaya wa iyalinka wannan tun kafin ya faru, kuma ka ce kowa ya zauna daram. Tashi tsaye da rugawa gefe ɗaya shi ke kifar da jirgi, ba igiyar ba. A yi addu'ar hawa, sannan a buɗe ido a yi kallo, domin Legas daga kan ruwa wani gari ne dabam: dogayen benayen Marina a baya, jiragen sojan ruwa a gefe, ga jirage masu ɗauke da kwantena da suka fi gidan sama tsayi suna shiga Apapa da Tin Can.

A Tarkwa Bay

Wurin nan hannun mutum ne ya samar da shi. A farkon ƙarni na 20 yashi yana toshe bakin mashigar Legas, manyan jirage ba sa iya shiga, sai su tsaya a teku a yi ta jigilar kaya da ƙanana. Turawan mulkin mallaka suka jibge manyan duwatsu suka yi dogayen katangu cikin teku don su tsare mashigar, kuma a 1914 manyan jirage suka fara shigowa. Tarkwa Bay lungu ne tsakanin biyu daga cikin waɗannan katangu, shi ya sa ruwansa ya fi na sauran gaɓoɓin Legas sanyin hali. Katangun sun yi wani aikin da ba a nufa ba. Teku a nan tana tura yashi daga yamma zuwa gabas, da aka tare shi sai ya taru a wannan ɓangare, can tsallake kuma ruwa ya yi ta cin Bar Beach shekara da shekaru har yana hawa titi. A wurin ne daga baya aka cike teku da yashi aka kafa Eko Atlantic, benayen da za ka hango suna ƙyalli in ka dubi gabas. Ka nuna wa yaranka wannan, darasi ne da ba za su manta ba.

Da saukarku za a biya kuɗin shiga, masu rumfa kuma za su yi muku caa. Kada ka karɓi ta farko. Ka bar iyali a inuwa, ka taka ka duba. Nemi rumfar da ke gefe, nesa da lasifika, amma wadda daga cikinta kana ganin inda yara za su yi wasa. Yi ciniki, ka tabbatar kuɗin na yini ne, kuma kujera nawa ya ƙunsa. Ka tambayi inda banɗaki yake da inda ake samun ruwan ɗauraye jiki.

Abin yi na farko, tun rana ba ta yi zafi ba, shi ne tafiya zuwa gindin katangar duwatsu don kallon jirage. Suna wucewa kusa ƙwarai, har kana ganin ma'aikatan da ke kai. Duwatsun da ruwa ke taɓawa suna da santsi da kaifi, a tsaya kan busassu, kuma a riƙe hannun yara. A can ne za ka ga samarin wurin suna hawa igiyar ruwa a kan allo. Tarkwa Bay ce cibiyar wannan wasa a Nijeriya, yara ƙanana sun ƙware a kai, kuma suna koyar da baƙi in an biya. Saurayin da ya iya iyo sosai zai iya gwadawa tare da mai koyarwa.

Abu na biyu, tafiya zuwa ɗaya gaɓar, wadda ake kira Lighthouse Beach saboda tsohuwar hasumiyar fitila ta zamanin Turawa da ke yi wa jirage jagora da dare. A nan teku a buɗe take ba katanga, yashi ya miƙe iya ganinka, ga jirage jere a nesa suna jiran izinin shiga tasha. Wuri ne mai kyau da shiru, amma ku je a ƙungiya, da rana tsaka-tsaki, tare da ɗan gari da mai rumfarku ya sani. Kallo kawai ake yi a nan, ba a shiga ruwa. Kuma kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoton sojoji ko ma'ajiyar mai ta Atlas Cove da ke yankin.

Akwai abin da ya kamata ka sani game da mutanen da za su yi muku hidima. A Janairun 2020 sojojin ruwa sun tashi mazauna Tarkwa Bay, hukuma ta ce saboda fasa bututun mai ne, dubban mutane suka rasa matsuguni a yini guda. Da yawa daga masu sayar da kwakwa da kifi da masu hayar kujera da abin nan kaɗai suke ci da iyali. Mu 'yan kasuwa ne, mun san ciniki, kuma da yawanmu mun san zafin a rushe wa mutum rumfa. Ka yi tayi, amma kada ka matse su har ƙashi.

Maganar shiga ruwa

Wanda ya koyi iyo a kududdufi ko a kogin garinsu kada ya ɗauka ya san teku. Ruwan kogi gefe ɗaya yake tafiya, kana ganinsa. Na teku yana zuwa ya koma, kuma in zai koma yana kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka. A wasu wurare ruwan da ya taru a gaɓa yana komawa ta siririyar hanya da ƙarfi, ya ja mutum ciki. Abin da ke ruɗar baƙo shi ne wannan wurin yakan fi ko'ina kama da kwanciya, ba kumfa, ruwan ya ɗan yi duhu. Wanda irin wannan ya ja, kada ya yi kokawar komowa kai tsaye, gajiya ce ke kashewa. Ya bar jikinsa ya taso, ya ɗaga hannu a gan shi, ya yi iyo ta gefe, a tsawon gaɓa, har ya fita daga jan, sannan ya nufo tudu. Wanda ke tudu kuma kada ya faɗa don ceto in bai ƙware ba. Ya yi ihu, ya kira samarin allo, ya jefa abin da ke tasowa kan ruwa.

Dokar gida mai sauƙi: wanda bai iya iyo ba kada ruwa ya wuce gwiwarsa, yara kada ya wuce ƙaurinsu, kuma babba ɗaya yana tsaye tare da su, ba waya a hannunsa. In kun zo da yawa ku raba aikin, kowa da lokacinsa, domin yaron da kowa ke zaton wani na kallonsa shi ne wanda ba mai kallo. Kada a juya wa teku baya don ɗaukar hoto. Mata su sani hijabi da zane in sun jiƙe suna nauyi suna naɗe ƙafa, saboda haka a tsaya inda igiya ke ƙarewa. Daɗin bai ragu ba, ruwan zai zo ya same ku.

Salla da abinci

Ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, hadisi ya tabbatar da haka, ya kuma halatta abin da ke cikinta. Sai dai gishirin yana da zafi a ido da baki, shi ya sa buta da ruwan daɗi suka fi. Alƙibla daga Legas gabas ce maso arewa. A gaɓar da ta miƙe kamar ta hasumiya ko ta Gberefu, in ka sa teku a damanka ka fuskanci gabas, sai ka karkata hagu kaɗan. A cikin lungun Tarkwa Bay gaɓar ta lanƙwasa, ka duba da waya ko ka tambaya, ba a rasa Musulmi cikin masu sana'ar wurin. Tafiyar ba ta kai ta kasaru ba, a cika salla.

In za ku sayi abinci, kifi gasasshe ne zaɓin da ba shakka a cikinsa. Ka zaɓi kifin da kanka, ka ga idonsa garau, ku yi kuɗi kafin a ɗora a wuta. Ɗanyar kwakwa a sha ruwanta, a ce a fasa a ci na ciki. In kun gama ku kwashe shararku. Robobin da za ka gani a bakin ruwa daga magudanan unguwanninmu suka taso.

Akwai masu kwana a tanti ko a gidajen haya na tsibirin. Ga samari a ƙungiya ba laifi, amma mai iyali ya koma gida. In kun fito da sauran rana, gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan, wanda aka buɗe a 1957, yana kusa, kuma a can aka ajiye motar da aka harbe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976.

Rana ta biyu: hanyar Badagry

A fita da asuba. Daga Mile 2 hanya ɗaya ce, ta Okokomaiko da Agbara har shataletalen Badagry. Mutumin Agege ya yanke ta Iyana Ipaja da Igando ya faɗo Iyana Iba, ya hau motar Badagry daga nan. Hanyar ita ce ke zuwa iyakar Seme, saboda haka daga Agbara shingayen kwastan da na jami'an shige da fice suna da yawa. Mai jin Hausa akan tambaye shi ko ɗan ƙasa ne. Ka nuna katinka cikin natsuwa, ka wuce. Wanda zai iya, ya tafi tun yammacin jajibere ya kwana a masauki a Badagry, ya fi sauƙi ga yara.

Kafin ku haye, ku ba garin awa biyu, domin in ba ku ga abin da ke cikinsa ba, tsibirin zai zame muku yashi da kwakwa kawai. Wuraren suna kusa da juna a bakin ruwa, ana zagaya su a ƙafa ko a keke. Ɗauki mai jagora ɗaya daga gidan tarihi, ku yi kuɗi a kan zagayen duka har da tsallaken. Akwai gidan tarihin Badagry da ke cikin ginin 1863, tsohon ofishin Di'o. Akwai benen da 'yan mishan suka kammala a 1845, wanda ake kira bene na farko a Nijeriya, kodayake duk wanda ya san soraye na Kano da Katsina zai gane cewa na farko a ginin Turawa ake nufi. Akwai gidan iyalin Mobee, inda za a ɗora maka sarƙar wuya a hannu ka ji nauyinta.

Inda na fi so ka daɗe shi ne gidan Seriki Williams Abass. An kama shi bawa yana yaro, aka kai shi Barazil, ya dawo ya zama mai fataucin bayi da kansa, daga baya ya zama babban mai sarauta kuma shugaban Musulmin garin, ya rasu a 1919. Ɗakunan da ake tsare mutane suna nan, ƙanana, da 'yar taga a sama. Masu kula da gidan za su gaya maka ɗaki arba'in ne, kuma mutum arba'in ake cusawa a kowanne. Shiga ɗaya ka tsaya minti guda. Musulmi ne mai gidan, kuma akwai Musulmi cikin waɗanda aka sayar a wannan gaɓa. Wannan ba abin ɓoye wa yara ba ne, a gaya musu daidai hankalinsu.

Tsallakawa Gberefu

Mintoci kaɗan ne a jirgi daga bakin ruwan garin, kuma dokar rigar kariya tana nan. Daga inda aka sauke ku hanyar yashi ce ta miƙe zuwa teku, tafiyar kamar rabin awa a hankali, cikin ciyayi da itatuwan kwakwa. Inuwa ba ta da yawa, a riƙe ruwa, a rufe kai. Ana samun babur da zai ɗauki tsoho ko mai juna biyu, amma mai lafiya ya taka, domin hanyar da aka kora mutane cikin sarƙa ke nan zuwa jiragen da ke jira. A tsakiya akwai rijiya da masu jagora ke cewa ana tilasta wa bayi shan ruwanta don su manta gida. Labarin baka ne da aka gada, ka saurare shi a haka. A ƙarshe akwai alamar da aka gina a wurin da ake kira Point of No Return, wato inda ba a dawowa, daga nan sai teku.

Ga dalilin da ya sa na ce tarihin ya shafe mu. Yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19, na ƙasar Hausa bayan 1804 da na rushewar daular Oyo, sun jefa Hausawa da yawa hannun fatake, aka gangaro da su tashoshin wannan gaɓa, Badagry da Ikko da Porto-Novo da Ouidah, aka haye da su Bahia a Barazil. Can ba su manta ko su wane ne ba. A 1807 Hausawa suka shirya tawaye a birnin Salvador, wasu suka biyo baya a shekarun da suka bi. A Janairun 1835, cikin ƙarshen Ramadan, Musulmin birnin, yawancinsu Yarabawa tare da Hausawa, suka yi babban boren da har yau ake karantawa a tarihin ƙasar, kuma an sami takardu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Daga Badagry kuma Bature matafiyi Clapperton ya tashi a Disambar 1825 ya kama hanyar Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a can ya rasu a 1827. Hanyar da ta haɗa Arewa da wannan bakin ruwa tsohuwa ce, ta girmi kwalta da jirgin ƙasa. In kun isa, ku yi wa waɗanda aka wuce da su addu'a kafin a fara hotuna.

Gaɓar Gberefu tana da faɗi da tsabta, kuma ba cunkoso in ba ranar biki ba. A shimfiɗa tabarma a gindin kwakwa, a ci abinci, yara su tsinci bawon kifi su yi gini da yashi. Ruwan nan buɗaɗɗiyar teku ce mai ƙarfi, ba katanga, kuma kada ka sa ran samun mai ceto a kusa. Jiƙa ƙafa kawai, hannun yaro cikin naka. Masunta Ogu, 'yan asalin yankin, in kun yi sa'a za ku tarar suna jan koma daga teku, mutum da yawa a igiya ɗaya. A yi sallama, a nemi izini kafin a ɗauki hotonsu, kuma ana iya sayen kifi a hannunsu.

Ku haye ku dawo gari da azahar, a yi salla a masallacin cikin gari, a sayi kwakwa da man kwakwa na tsaraba, Badagry ce gidansu kuma sun fi arha a nan. Ku kama hanya kafin ƙarfe uku, domin cunkoson Agbara da Iyana Iba yana farawa da la'asar, ranar Lahadi ma ya fi tsanani saboda masu komawa aiki.